Kiɗan metal mai kari, mai okestira da na furog: tambayoyin da sababbin masu sauraro suka fi yi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga 'yan uwa da suka ci karo da wata waƙar metal a YouTube ko cikin gem ko a wani fim, ta kama su, amma suka rasa ta ina za su ci gaba. Na jera su daga na farkon shiga zuwa na wanda kunnensa ya fara sabawa.

Wai shi metal ɗin nan menene asalinsa, ba hayaniya ba ce kawai?

Asalinsa Ingila ne, garin Birmingham mai yawan masana'antu, kuma yawancin masu bin tarihin abin suna ɗora farkonsa a kan albam na farko na Black Sabbath da ya fito a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, kuma a hannun da yake danna tsirkiya da shi, toh maimakon ya haƙura sai ya narkar da robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun 'yar hula ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ma ya sassauta su don su rage yi masa zafi. Tsirkiya kuwa in ta yi sako-sako sautinta ƙasa yake yi ya yi nauyi, wannan nauyin yana cikin abin da ya zama tambarin kiɗan har yau.

Maganar hayaniya kuma, eh akwai ƙara, ba wanda zai musa. Amma a ƙarƙashin ƙarar akwai tsari, akwai abin da suke kira rif, wato 'yar gajeriyar jimlar kiɗa da jita take maimaitawa sauran kayan kiɗan su hau kanta. Ranar da kunnenka ya iya tsinto rif ɗin daga cikin rugugin, ranar ce za ka daina jin hayaniya ka fara jin waƙa.

Menene bambancin melodik da simfonik da furogiresif?

Melodik shi ne wanda kari ya fi ƙarfi a cikinsa, wato in an gama waƙar za ka tsinci kanka kana rera ta a baki kana hanya. Sau da yawa jita biyu ne suke tafiya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna jan kari ɗaya, salon da Iron Maiden ta Landan ta shahara da shi. Daga nan ne power metal ya ɓullo a Jamus ta hannun Helloween na garin Hamburg da albam ɗinsu biyu Keeper of the Seven Keys na 1987 da 1988, kiɗa mai gudu, murya mai tashi sama, amshi mai faɗi da taron jama'a za su iya ɗauka tare.

Simfonik kuma shi ne aka haɗa jitar lantarki da okestira, wato tarin masu gogen Turawa da sarewa da ƙaho da manyan ganguna, har da rukunin 'yan amshi maza da mata. Furogiresif, wanda ake taƙaitawa da furog, shi ne na masu son wahalar da kansu a kan ƙwarewa, waƙa doguwa, bugu yana canzawa, ba dole amshi ya dawo ba. Ba katanga tsakaninsu fa, Symphony X ta Amurka duka ukun take taɓawa a waƙa ɗaya. In za ka bincika a waya rubuta su yadda Turawa suke rubutawa, melodic metal, symphonic metal, progressive metal.

Ta ina zan fara in ban taɓa sauraro ba?

Ni a ganina ta simfonik, musamman ga kunnen da ya tashi da waƙoƙin finafinan Indiya, domin wannan kunnen ya riga ya saba da tarin goge suna tashi tare da muryar mace mai zaƙi a sama, abin da zai zo masa sabo jitar ce kawai da ƙarfin gangar. Nemi albam ɗin Once na Nightwish na 2004, ko Mother Earth na Within Temptation 'yan ƙasar Holan na 2000. In kuma kai mai son kiɗa mai motsa jini ne, je ka Iron Maiden, albam ɗin Powerslave na 1984 ko Seventh Son of a Seventh Son na 1988, ka kasa kunne ga bes ɗin Steve Harris, wato jitar nan mai kaurin sauti, yadda yake bugawa uku-uku kamar sukuwar dawakai ranar hawan sallah.

Dan Allah kada ka fara da Meshuggah ko Opeth don ka ji ana yabonsu. Ba don ba su da kyau ba, sai don za su kore ka tun daga bakin ƙofa. Lokacinsu na zuwa, duba amsar gurnani da ta furog a ƙasa.

Me yasa wasu mawaƙan suke gurnani maimakon su rera?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma ita ce ta fi korar mutane. Gurnanin daga wani reshen metal mai tsauri da ake kira death metal ya fito, kuma ba ihu ake yi da ƙarfin tsiya ba, koyo ake yi, ana turo iska daga ciki a bar wasu naman maƙogwaro da ke saman igiyar murya su yi rawa, shi yasa wanda ya iya zai yi wasa na awa biyu gobe ya sake, wanda bai iya ba kuwa cikin 'yan mintuna muryarsa za ta dishe. Mata ma suna yi, Angela Gossow ta Arch Enemy ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙungiyar da irin wannan muryar.

Yadda za ka ɗauke shi shi ne ka daina jiran kari daga bakin mawaƙin, ka ɗauki muryar a matsayin wani abin bugawa kusa da ganga, karin kuma ka neme shi a wajen jita. Haka 'yan garin Gothenburg na Suwidin suka gina nasu salon, At the Gates da Slaughter of the Soul a 1995, Dark Tranquillity da The Gallery a shekarar, In Flames da The Jester Race a 1996, mawaƙi yana gurnani amma jitocin suna kuka mai ratsa zuciya. Epica kuma sukan haɗa biyun, Mark Jansen ya yi gurnani Simone Simons ta amsa da tattausar murya, wannan hanya ce mai sauƙi ta saba wa kunne.

In ka gwada ka ga har yanzu bai shige ka ba, ba dole, rabin wannan duniyar babu gurnani ko kaɗan. Hatta Opeth da suka shahara da shi suna da albam guda, Damnation na 2003, daga farko har ƙarshe murya ce a kwance.

Okestirar da nake ji ta gaske ce ko kwamfuta ce?

Duka biyun akwai, kuɗi ne ke rabawa. Ƙungiya mai tasowa kibod take amfani da shi ko sautukan da aka naɗa aka zuba a kwamfuta, haka Nightwish ma suka fara, in ka saurari Oceanborn na 1998 yawancin abin da kake ji kamar okestira yatsun Tuomas Holopainen ne a kan kibod. Da suka samu hali sai suka je Landan aka naɗa musu okestira da 'yan amshi na gaske a Once. Therion na Suwidin tun 1996 suka shigo da 'yan amshi irin na opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi cikin waƙa da ɗaga murya, a albam ɗin Theli, shi yasa ake lissafa su cikin waɗanda suka buɗe hanyar. Haɗa kiɗan jita da okestira ma ya girmi metal ɗin kansa, Deep Purple sun yi a zauren Royal Albert Hall a 1969, Metallica kuma suka yi nasu da okestirar San Francisco a 1999.

In kana so ka ji bambancin da kunnenka, sa Ghost Love Score ta cikin Once, minti goma ce. Tana buɗewa da 'yan amshi da ganguna da jita duk suna sara tare, sai a yi baiti da amshi, can wajen tsakiya kuma sai jita da ganga su ja baya gaba ɗaya a bar okestira ita kaɗai, a nan ka saurari yadda goge suke kumbura su sauka ba daidai-wa-daida ba saboda hannuwan mutane da yawa ne suke jan su, ka ji yadda ƙaho ke shigowa daga nesa, sannan jitar ta faɗo a kai. Kibod ba ya numfashi irin wannan. A wajen wasa kai tsaye kuwa yawancinsu ba sa iya ɗaukar mutum hamsin ko sittin su yi yawon duniya da su, sai a kunna naɗaɗɗen sautin okestirar, mai ganga ya sa iyafis yana bin bugun da ke ciki don kada a saɓa.

Na ga Nightwish da mata daban-daban, wacece ta asali?

Uku ne. Tarja Turunen ce ta farko tun kafa ƙungiyar a ƙaramin garin Kitee na Finlan a 1996, ita ta karanci waƙar gargajiyar Turai shi yasa muryarta ta opera ce, aka raba gari da ita a Oktoban 2005 ta hanyar wasiƙar da sauran suka miƙa mata bayan wasan ƙarshe a Helsinki, kuma suka wallafa wasiƙar duniya ta gani. Anette Olzon 'yar Suwidin ta karɓa daga 2007 zuwa 2012, sai Floor Jansen 'yar Holan daga 2012. Magoya baya har gobe suna musu a kan wacce ta fi, ni dai shawarata ka saurari Ghost Love Score ta Tarja a albam, sannan ka nemi bidiyon da Floor ta rera ta a bikin Wacken na Jamus a 2013, ka jira ƙarshen inda ta ɗaga murya, wallahi sai tsikar jikinka ta tashi.

Me yasa waƙoƙin furog suke da tsawo, kuma nakan kasa bin bugun?

Tsawon saboda ba a gina su don rediyo ba, an gina su ne kashi-kashi, a fara da wani kari, a bar shi a tafi wani wuri, bayan minti goma ya dawo da wata kama. Waƙar The Odyssey ta Symphony X ta 2002 minti 24 ce. Dream Theater, waɗanda ɗalibai uku na makarantar kiɗa ta Berklee a Boston suka kafa a 1985, John Petrucci da John Myung da Mike Portnoy, su ne suka fi kowa fito da salon fili da Images and Words na 1992, kuma nan nake ba kowa shawarar ya fara, da Pull Me Under, domin duk da ta kai minti takwas tana da amshin da za ka riƙe.

Bugun kuma ga abin da ke faruwa. Yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo huɗu-huɗu ake ƙirga su, ƙafarka ta saba, toh su 'yan furog sai su yi bakwai ko biyar ko sha ɗaya. Gwada yanzu, buga gwiwarka kana cewa ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku, kana ƙarfafa kowane "ɗaya", ka maimaita ba tare da ka tsaya ba a ƙarshe. Bakwai kenan. Da farko za ka ji kamar an sace maka taku guda, bayan ka yi ta yi sai jikinka ya karɓa ya zama rangaji. Ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba ma, makaɗan Indiya da na Turkiyya sun daɗe da bugun bakwai da na tara. Akwai wani kiɗa na Dream Theater mara murya, The Dance of Eternity, da ƙirgar take canzawa fiye da sau ɗari cikin minti shida.

Ba sai ka iya ƙirga ba kafin ka ji daɗi fa. In ka ɓata, zaɓi abu ɗaya ka bi shi, ko faifan ƙarfen da mai ganga yake bugawa da hannun dama, ko bes, ka bar sauran su wuce. A Meshuggah wannan dabarar ta fi aiki, jitocinsu masu tsirkiya takwas suna ta zagaye ba kai ba gindi a kunnen baƙo, amma hannun mai gangar sau da yawa huɗu-huɗu yake riƙe da ita daram.

Gaskiya ne kiɗan 'yan bautar shaiɗan ne? Alamar ƙahon nan fa?

Ba zan ce maka babu komai ba, don akwai. A Noruwe farkon shekarun 1990 wasu 'yan wani reshen metal da ake kira black metal sun ƙona coci-coci har da kisan kai, kuma har yau akwai ƙungiyoyin da baitocinsu zagin addini ne tsagwaronsa ko kiran shaiɗan, wasu da gaske wasu don neman suna. Amma wannan reshe ɗaya ne, rassan da muke magana a kansu a nan yawanci tarihi suke waƙewa da tatsuniya da yaƙi da rashi da kaɗaici. Sabaton na Suwidin kusan duk waƙoƙinsu tarihin yaƙe-yaƙe ne, Amorphis suna ɗauko nasu daga Kalevala, tsohuwar waƙar gargajiyar Finlan, Blind Guardian kuma daga littattafan almara. Alamar ƙahon kuma, wato ɗaga manuniya da ɗan ƙaramin yatsa, mawaƙi Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta, shi da bakinsa ya ce a wajen kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi ne don kariya daga kambun baka.

Duk da haka ka buɗe ido ko a cikin simfonik ɗin. Baitocin Therion cike suke da sihiri da tsafe-tsafen da, Epica suna da waƙoƙin sukar addinai, albam ɗin Nightwish na 2015 kuma a kan ra'ayin Darwin na juyin halitta aka gina shi har da muryar masanin kimiyya Richard Dawkins a ciki. Kafin waƙa ta zama wadda kake rerawa a baki, rubuta sunanta da kalmar lyrics ka karanta abin da take cewa, abin da bai dace da aƙidarka ba ka tsallake shi, waƙoƙin ba sa ƙarewa.

Toh ya hukuncin sauraronsa a addini?

Wannan ba hurumina ba ne. Maganar kiɗa gaba ɗaya malamai sun yi bayani a kanta kuma akwai saɓani, metal bai fita daga cikin wannan maganar ba, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa. Abin da zan iya taimaka maka da shi shi ne sanin abin da baitocin suka ƙunsa, duba amsar da ke sama.

Me yasa kusan duk sunayen daga Finlan da Suwidin da Jamus suke?

Ƙasashen arewacin Turai suna da makarantun kiɗa na gwamnati masu rahusa da yaro zai shiga tun yana ƙarami, ƙananan hukumomi kuma sukan ba matasa ɗakin atisaye, ga dogon sanyi da duhu da ke tsare mutum a ɗaki wata da watanni, shi yasa za ka ga ɗan shekara ashirin ya iya jita kuma ya iya rubuta wa goge nota. A Finlan metal ba kiɗan 'yan gefe ba ne, a saman jadawalin ciniki yake zama, har ƙungiyar Lordi suka ci musu gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Eurovision, a 2006. Jamus kuma ita ce kasuwar, can manyan kamfanonin faifai irin Nuclear Blast suke, can ake bikin Wacken tun 1990 a wani ƙauye da dubban mutane suke cika shi duk shekara. Amma ba su kaɗai ba ne, Italiya tana da Rhapsody of Fire, Faransa tana da Gojira waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe Olamfik na Paris a 2024 tare da mawaƙiyar opera, Burazil kuma tana da Angra, albam ɗinsu Holy Land na 1996 cike yake da gangunan ƙasarsu masu jijiya a Afirka.

Akwai 'yan Afirka ko Musulmi da suke yi?

Sosai ma, kuma in da ni ne zan ce bayan Nightwish ka wuce kai tsaye wajen Myrath 'yan Tunisiya. Furog ne mai kari, amma gogensu da karin muryar mawaƙinsu Zaher Zorgati na Larabawa ne, akwai darbuka wato gangar hannu ta Larabawa, wani lokaci ya juya baiti zuwa Larabci, kunnen da ya saba da karin gabas nan take zai ji ya zo gida. Fara da Tales of the Sands na 2011 ko Legacy na 2016. A Togo akwai Arka'n Asrafokor na birnin Lome da suke haɗa metal da gangunan gargajiya suna rerawa da harshen Ewe, a Botsuwana akwai Overthrust da Skinflint, a Indunusiya kuma akwai Voice of Baceprot, 'yan mata uku masu hijabi daga yankin Garut da suka haɗu tun a makaranta, sun kai har dandalin Glastonbury na Ingila a 2024.

Ɗaya daga cikin manyan masu jita na furog a yau, Tosin Abasi na Animals as Leaders, a Washington aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne. Mdou Moctar na Nijar kuma ba metal yake yi ba, kiɗan jitar Buzaye ne, amma in ka saurari Afrique Victime na 2021 ka ji yadda yake sakin jita a ƙarshen waƙar, za ka gane me yasa masu son metal a Turai da Amurka suke cika wasansa. Ba ko'ina abin yake da sauƙi ba, a Kasabalanka ta Maroko a 2003 an gurfanar da matasa 14 masu wannan kiɗan a kotu bisa zargin bautar shaiɗan, sai da jama'a suka yi ta ƙorafi kafin aka sake su.

Turancina ba shi da ƙarfi, zan ji daɗinsa kuwa?

Za ka ji. Su kansu mawaƙan yawancinsu Turanci ba harshen uwarsu ba ne, kuma ko Bature ba ya gane gurnani sai ya karanta. Akwai ma wanda babu murya sam, Animals as Leaders da na ambata, Liquid Tension Experiment, ko albam na farko na Apocalyptica na 1996 inda 'yan Finlan huɗu suka kaɗa waƙoƙin Metallica da manyan goge guda huɗu ba jita ba ganga. Inda Turancin zai yi maka amfani shi ne albam mai labari da kuma tace baitoci, kuma ko nan manhajar fassara ta waya za ta ba ka gundarin maganar.

A sifikar waya nake ji, shi yasa ban ji abin da ake yabo ba?

Shi ne babban dalili. Sifikar waya ba ta fitar da bes, gangar ƙafa kuma sai ta koma ƙas-ƙas, sai a bar ka da ƙarar faifan ƙarfe da tsinin jita kawai, wato an cire naman an bar maka abin da ke sa ciwon kai. Nemi iyafis ko da mai waya ne matuƙar yana toshe kunne sosai, kuma ka sa duka biyun, domin ana raba jita ɗaya hagu ɗaya dama, in ka ba abokinka kunne ɗaya rabin waƙar ka ba shi. In wayar tana da wurin gyara sauti kada ka cika bes har ƙarshe, a wannan kiɗan gangar ƙafa biyu ce take gudu, in bes ya yi yawa sai komai ya cakuɗe.

Ka tausaya wa kunnenka kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure sautin desibel 80 na awa 40 a mako, da ka ƙara ƙarfi lokacin yana raguwa da sauri sosai. A cikin adaidaita ko kusa da janareto mutum yakan ƙure ƙara don ya danne hayaniyar waje, nan ne ɓarnar take, in ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙara shi kaɗai toh ka wuce gona da iri. Maganar data kuma, sauti kaɗai bai kai bidiyo ci ba, Spotify yana aiki a Najeriya tun 2021, in kuma YouTube ne ka rage ingancin hoton ko ka jira datar dare ka sauke.

Dole sai na saurari albam gaba ɗaya?

A melodik ba dole ba, waƙa ɗaya tana tsayawa da ƙafarta. A furog kuwa ina roƙonka ka yi, aƙalla ga masu labari, domin akwai albam da aka tsara shi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe labari ɗaya ne. Operation: Mindcrime na Queensrÿche na 1988 labarin wani matashi ne ɗan ƙwaya da aka yi amfani da shi wajen kisan siyasa, Scenes from a Memory na Dream Theater na 1999 kuma labarin wani kisa ne da ake warware shi sannu a hankali, sai dai an gina shi a kan aƙidar sake dawowa duniya bayan mutuwa, ka san da wannan. A irinsu karin da ka ji a waƙa ta biyu zai dawo a ta goma da wata ma'ana, in ka kunna su a hargitse ka rasa wannan gaba ɗaya. Ka ware awa guda bayan ka gama hidimarka, ka ajiye chatin, kuma kada ka yanke hukunci a jin farko, Blackwater Park na Opeth na 2001 sai an koma masa yake buɗewa, in ya yi maka nauyi fara da Harvest a cikinsa wadda jitar katako ce da murya zalla.

Na gama da waɗannan, ya zan riƙa gano sababbi da kaina?

Bi mutane, kada ka dogara da abin da manhaja take turo maka kaɗai, don ita abin da ya yi kama da na jiya take kawowa. Akwai shafin Encyclopaedia Metallum da ke aiki tun 2002, in ka buɗe sunan mawaƙi zai nuna maka duk ƙungiyoyin da ya taɓa shiga. Misali ka so muryar Floor Jansen, sai ka ga kafin Nightwish tana After Forever, a can za ka tarar da Mark Jansen wanda ba ɗan uwanta ba ne suna ne ya zo ɗaya, shi ne ya fita a 2002 ya kafa Epica, ka ga ka samu ƙungiya biyu daga mutum ɗaya. Kai Hansen ya bar Helloween ya kafa Gamma Ray, Mike Portnoy ya bar Dream Theater a 2010 ya yi ayyuka da dama kafin ya dawo a 2023, kowanne zare ne da za ka ja.

Hanya mafi sauri kuma ita ce Ayreon, aikin wani ɗan Holan Arjen Lucassen da yake rubuta labari ya gayyato mawaƙa daga ƙungiyoyi daban-daban kowa ya hau matsayi guda. A The Human Equation na 2004 akwai James LaBrie na Dream Theater da Mikael Åkerfeldt na Opeth da Devin Townsend, a 01011001 na 2008 akwai Floor Jansen da Simone Simons da Hansi Kürsch na Blind Guardian. Ka saurara da jerin sunayen a gabanka, duk muryar da ta kama ka ka rubuta sunan mai ita ka je ka nemi ƙungiyarsa. Ga na yanzu-yanzu kuma gwada Leprous na Noruwe da Haken na Ingila, in ka ji kana so ka tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi da kuɗinka yawancinsu suna shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp.